Ina Za Mu Kai Baƙon Nan Ya Ci Tuwo?

Mu goma sha huɗu ne muke haɗuwa a ƙarshen kowane wata a nan birnin Kano, mu shimfiɗa tabarmi a barandar wata makaranta, kowa ya karanto abin da ya rubuta, saura su yi masa gyara. A cikinmu akwai malaman makaranta, da ɗan jarida, da wata ma'aikaciyar jinya, da matan aure biyu waɗanda a ɗakunansu suke rubutunsu, da ɗalibai, da wani alhaji mai shago a Kantin Kwari, sa'an nan ga dattijonmu wanda ya ajiye aikin gwamnati tun wasunmu suna goye. Shekara da shekaru muna wannan zama, ba mu taɓa ɓatawa a kan adabi ba. Akan feɗe labarin mutum daga kai har wutsiya, a ce masa babi na uku ba shi da amfani, ya haɗiye, a shafa fatiha a tashi. Abin da ke raba mana kai ƙarami ne a ido. Duk ran da muka yi baƙon marubuci daga wani gari, ko wani daga cikinmu ya fitar da littafi, aka ce a fita cin abincin dare, to nan ake tsayawa cirko-cirko a kan inda za a dosa.

Wanda bai san zancen ba zai ce ai wannan ba abin wahala ba ne a gari irin Kano. Gaskiya ne wuraren sun yi yawa. Ga masu tsire da balangu a kowace mararraba, ga gidajen tuwo a Fagge da bakin tashoshi, ga gidajen abincin zamani sun jeru a titin Gidan Zu da titin Jami'ar Bayero, ga na Kwarori da na Sinawa da na Indiyawa a wajen Nasarawa da Bompai, ga kuma Sabon Gari da farfesunta da sakwararta. Da a ce ciki kawai za a cika, da kafin a rufe baki an yanke shawara. Amma mun daɗe da gane cewa gardamar da muke yi ba ta daɗin miya ba ce. Kowane wuri aka ambata, akwai wani daga cikinmu da wurin ya rufe wa ƙofa, ko da kuwa ba zai buɗe baki ya faɗa ba.

Tushen abin shi ne yawancinmu ba mu tashi da fita cin abinci ba. A gidajen da muka girma, magidancin da aka gani yana cin tuwon sayarwa da dare, to washegari unguwa za ta ɗauka cewa matarsa ta yi yaji, ko kuwa gidan babu. Tuwon sayarwa na tuzuru ne, da matafiyi, da ɗan ci-rani, da direban da dare ya yi wa a tasha. Malaman fiƙihu ma sun lissafa cin abinci a kasuwa cikin abubuwan da ke rage wa mutum kamala, har abin ya taɓa karɓar shaidarsa idan shi ba ɗan kasuwar ba ne. Kalmar da muke kiran wurin da ita ma ba ta taimaka ba. Bahaushe yakan ce otal ga rumfar da ake sayar da shinkafa da wake, ya kuma ce otal ga gidan da ake kama ɗaki, mutum ya kwana da wanda ya ga dama. Saboda haka matar auren da za ta ce wa maigidanta za ta otal da 'yan ƙungiya, sai ta fara yin dogon bayani kafin ta kai ga neman izni.

Ba wai kakanninmu ba su san daɗin haɗuwa a ci tare da dare ba. Sun sani, har suna da suna gare shi, watau ciyayya. Bayan sallar Isha magidantan layi sukan fito ƙofar gidan babbansu, yaro ya biyo kowa da akushi ko kwano, a jera a tsakiyar tabarma. A buɗe wannan a cinye, a jawo na gaba. Mu da muka riski ƙarshen wannan al'ada a unguwannin cikin ganuwa muna tuna yadda ake yi. Wanda gidansa aka yi miyar taushe da tantaƙwashi da wanda gidansa aka kaɗa kuka ba ko man shanu, duk kwanukansu a jere suke, kuma da an fara ci ba mai iya cewa lomar da ke bakinsa daga gidan wa ta fito. Wanda ranar ba a ɗora tukunya a gidansa ba yakan fito da buta a hannu kamar mai wucewa, a ce masa bismilla, ya zauna, ba wanda zai tambaye shi kwanonsa. A nan ake jin wanda ba shi da lafiya, a nan ake ƙulla aure, a nan ake kashe rigima tun ba ta kai gaban mai unguwa ba. Sai dai fa ciyayya ta maza ce zalla. Matan da suka wuni a bakin murhu suna can ciki, ba a jin ta bakinsu, sai dai a yaba miyarsu ko a kushe ta a bayan idonsu.

To mu ga shi zamani ya haɗa mu maza da mata a kan alƙalami, gidajenmu kuma a warwatse, wani a Kurna, wani a Hotoro, wata a Sheka, wani can Rijiyar Zaki. Ba layin da ya haɗa mu balle yaro ya biyo mu da kwano. Abin da muke nema a gidan abinci, in an bi diddigi, ciyayya ce da za ta ɗauki mata, gidan abinci kuwa ba don haka aka gina shi ba.

Shawarar farko kullum daga samarinmu take fitowa, kuma kullum iri ɗaya ce: a tafi wajen mai nama. Hujjarsu mai ƙarfi ce. Ba abin da Kano za ta ba baƙo da ya fi tsire mai zafi daga tukuba, an barbaɗa masa yaji, ga albasa, ga gurasa an yayyafa mata ruwa da man ƙuli. Ba a jira, ba a yi wa kowa kallon tufafi, kuma kowa ya san abin da aljihunsa zai ɗauka, ya ce a yanka masa na kaza. Mu ma da muke rubuta wannan, in don ta mu ne, can za mu. Amma wata rana da aka sake kawo wannan shawara, sai ɗaya daga cikin matan aurenmu ta dubi mai maganar ta ce, "Malam, a ina zan zauna?" Aka yi shiru. Benci ɗaya ne a wurin, a bakin titi, fitilun motoci suna haska fuskar duk wanda ke kai. Namiji ya zauna a nan ya ci nama, ba komai. Mace mai aure ta zauna a tsakiyar maza goma da ƙarfe tara na dare, kafin ta isa gida labarin ya riga ta, kuma watakila wannan ne zuwanta taro na ƙarshe. Aka ce to a sayo a ƙunshe a kawo musu cikin mota. Ta ce in haka ne gara ta tafi gida a aika mata, don ba yunwa ce ta fito da ita ba, hirar da za a yi da baƙon ce, ita kuwa hirar a kan bencin za a yi ta.

Daga nan sai Alhajinmu na Kwari ya gyara murya ya ce a tafi Nasarawa. Nan kam akwai wurin zama na mutunci, ga bango ya kare mutum daga idon titi, ga sanyin na'ura, ga tebur an lulluɓe da farin ƙyalle, ga wurin alwala. Waɗannan gidaje suna da tarihi a garin nan. Kwarori, watau mutanen Labanan da Siriya, sun fara sauka Kano tun farkon ƙarni na 20, suka yi ƙarfi bayan isowar jirgin ƙasa a 1911 da bunƙasar cinikin gyaɗa, har kasuwar da Alhajin yake zaune ta ci sunansu, har akwai titin da ake kira Beirut. Sinawa kuma sun biyo baya da masana'antun kwano da takalman roba tun wajen shekarun 1960. Kowannensu ya zo da tukunyarsa, ya fara dafa wa kansa, daga baya ya buɗe wa jama'a. Shawarmar da yau yaranmu suke ɗauka kamar da ita aka haife su, daga irin waɗannan ɗakunan girki ta fito.

Matsalar Nasarawa tana cikin takardar nan da ake miƙo wa kowa da zarar ya zauna, mai jerin abinci a hagu, farashi a dama. Ku lura da idon mutane in an miƙa musu ita. Mai hali yana karanta hagu, malamin firamare yana karanta dama. A 2024 aka mai da mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan Naira 70,000, daga Naira 30,000 da aka tsayar a 2019, alhali akwai gidajen da farantin mutum ɗaya ya haura Naira 10,000, kafin a ɗora harajin kaya na kashi 7.5 cikin ɗari da abin sha. Watau mutum ya zauna awa biyu ya cinye kashi ɗaya cikin bakwai na guminsa na wata. Bahaushe kuwa ba zai ce ba shi da shi ba. Abin da zai ce shi ne ya ci abinci kafin ya fito, ko cikinsa ne ba ya masa daɗi tun safe, a kawo masa ruwa kawai. Sai ka ga mutumin da ɗazu a baranda ya fi kowa kaifin baki a kan waƙa, yanzu ya naɗe hannu yana juya kwalbar ruwa, ana magana yana murmushi. Wanda ya taɓa zama a wannan kujera ya san nisan da ke tsakaninsa da farantin maƙwabcinsa.

Alhaji, Allah ya saka masa da alheri, yakan ce ai ba wanda zai biya, shi ya ɗauka. Haka al'adarmu take, wanda ya ce a zo shi ke biya, kuma a ce kowa ya biya nasa abin kunya ne da ba ma iya furtawa. Amma dattijonmu ya ƙi wannan tun ranar farko, kuma da muka matsa masa ya faɗi dalili. Ya ce, "'Ya'yan nan, ku ne za ku karanta littafinsa wata mai zuwa. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski." Alhajin ma marubuci ne, yana da labarin da ya daɗe yana fama da shi, kuma labarin yana bukatar wuƙa. Yaron da aka ciyar da kaza sukutum jiya ba zai iya kallon idon wanda ya ciyar da shi ya ce masa jarumin nan naka ba shi da rai ba. Alhajin da kansa ya yi dariya ya ce, "Baba, kun gama magana." Dukiyar ƙungiya irin tamu ita ce kowa ya iya faɗa wa kowa gaskiya, kuma cin abincin mutum ɗaya sau uku ya isa ya cinye ta.

Akwai kuma Sabon Gari, wadda ba a cika ambatonta da ƙarfi ba. Tun da Turawa suka keɓe ta wajen 1913 don ma'aikata da 'yan kasuwar da suka biyo jirgin ƙasa daga kudu, ta zama gari a cikin gari. Wanda ke son farfesun kifi na gaske, ko sakwara da miyar agushi, ko amala, ya san can ne gidansu, kuma farashin bai kai na Nasarawa ba. Idan baƙonmu daga Inugu ko Ibadan ya zo, ya kwana uku yana cin tuwon shinkafa don kara, mukan ga idonsa yana neman hanyar can. Sai dai tun da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jihar a 2000, aka kuma kafa Hukumar Hisba a 2003, sunan unguwar a kunnen mutanen cikin gari ya ƙara manne wa kwalba, ko da yake akwai gidajen abinci da yawa a can da ba sa sayar da komai sai abinci da lemo. Dattijonmu ba zai taka ba, matanmu ba za su taka da dare ba, wasu kuma suna da tambaya a kan wanda ya yanka naman. Abin da akan yi shi ne mutum biyu ko uku su raka baƙon da rana, a wani lokaci dabam. Mun san wannan rabin magani ne, domin akwai marubuta a Sabon Gari da suke rubutu da Turanci da Ibo da Yarabanci, garinmu ɗaya, amma ba mu taɓa haɗa kwano da su ba.

Gidajen zamani na titin Gidan Zu ba sa ɗaukar mu dogon lokaci. Samari da 'yan mata ne suka cika su, ga talabijin ana ƙwallon Turai, ga kiɗa, ga ƙarar janareto ta bayan taga. Kaza da soyayyen dankalinsu ba laifi. Amma mun taɓa ganin baƙo mai shekara saba'in yana ƙoƙarin ba mu labarin yadda aka buga littafinsa na farko a Zariya, aka ci ƙwallo, ɗakin ya ɗauki ihu, bai sake komawa kan zancen ba.

Ko an sami wurin, sai a zo kan agogo. Daren Kano gajere ne ga wanda ba shi da mota. Ba a fita kafin Magariba, kuma in an tsaya Isha, kafin a taru takwas ta wuce. Mu da muka ga dokar hana fita bayan hare-haren ranar 20 ga Janairun 2012, muka ga an hana acaɓa ɗaukar fasinja a Janairun 2013, muka kuma ga an hana A Daidaita Sahu zirga-zirga daga goma na dare zuwa shida na safe a Yulin 2022, jikinmu ya saba da duban agogo tun ana zuba miya. Da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, sai kuɗin komawa gida ya zama wani faranti na biyu da mutum zai biya. Ɗalibin da ke kwana a Rijiyar Zaki, in aka ce Bompai za a je, ƙetare gari zai yi daga yamma zuwa gabas, ya sake ƙetarowa. Saboda haka wuri yana iya yin kyau, ya yi araha, ya yi shiru, nisa kaɗai ya kayar da shi.

Abin da muka tsaya a kai yanzu bai zo mana rana ɗaya ba, kuma ba mu ce shi ne daidai ga kowace ƙungiya ba. Mun daina yanke shawara a bainar taro, domin a bainar taro mai ƙarfin murya da mai ƙarfin aljihu su ke rinjaye, marar shi kuwa ya ce duk yadda aka yi daidai ne. Mutum biyu muke wakiltawa, ma'ajinmu da ɗaya daga cikin mata, su je da rana kwana biyu kafin ranar. Ita ce ke da maganar ƙarshe a kan wurin zama. Takan duba ko akwai lungun da za a haɗa tebura nesa da ƙofa, ko ɗakin da aka shimfiɗa darduma, wanda mun fi so, don dattijo ya miƙe ƙafa, a kuma ci da hannu ba tare da wani ya tsaya kokawa da cokali mai yatsu ba. Takan leƙa bayi, ta duba inda mace za ta yi sallah. Ta ce mana in bayin gida ya yi ƙazanta ba ta bukatar ganin ɗakin girkinsa.

Ma'ajin kuma yana da nasa alamomin, waɗanda ya ce a wajen wani tsohon direban Kano zuwa Legas ya koya. Ba ya kallon fentin bango ko girman allon suna. Yakan tsaya ya ga ko yara suna zuwa da kula daga gidajen unguwar suna sayen miya, domin matar gida ba ta aika a sayo mata abin da ta san ta fi shi iyawa. Yakan tambayi ƙarfe nawa ake tuƙa tuwon dare, don akwai gidajen da shinkafar azahar ce suke ɗumamawa har goma. Yakan duba jerin abincin, in ya ga gida ɗaya yana da'awar tuwo da sakwara da abincin Sin da na Indiya da na Italiya, sai ya juya, ya ce tukunya biyar ba ta nuna a hannun kuku ɗaya. Tun wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023, lokacin da mutane suka riƙa cin abinci su zauna zaman jiran tiransifa ta shiga kamar waɗanda aka yi garkuwa da su, yakan kuma tambayi yadda ake biya tun kafin a zo.

Babban abin da ya sauya mana zama shi ne hana takardar farashi zuwa teburinmu. Kowane wata akwai ɗan abin da kowa ke jefawa a asusu, gwargwadon hali, ma'aji kaɗai ya san na kowa, kuma Alhaji yana da damar ya jefa nasa da yawa a can inda ba mai gani. Daga asusun ake biyan mai gidan abincin tun da rana. In mun zo, manyan tire ake kawowa a ajiye a tsakiya, biyu na maza, ɗaya na mata a gefen da suka zaɓa, kusa yadda murya za ta kai. Ba mai cewa a kawo masa kaza, ba mai cewa ya ƙoshi. Wasu gidajen ba sa yarda da haka, sun fi son kowa da farantinsa don lissafinsu ya fi fita, irin waɗannan mukan bar musu abinsu. Waɗanda suka yarda yawanci gidajen da mace ce ke riƙe da su, irin hajiyoyin da suka fara da tukunya ɗaya a ƙofar gida har suka kama shago. Ɗayarsu da ma'aji ya gama yi mata bayani sai ta ce, "Ɗan nan, ai ciyayya kuke so, ka faɗa mini tun farko mana."

Tun da mujallar marubuta ce wannan, bari mu ɗan ratse. Mun karanta rubuce-rubucen sababbin marubuta da yawa, kuma da wuya ka ga labarin soyayyar da saurayi bai ɗauki budurwa a mota ya kai ta wani katafaren gidan abinci ba. Da sun shiga sai alƙalamin ya mutu. Za a ce an cika musu tebur da kayan alatu kala-kala, sun ci sun sha, sun tashi. Ba ƙamshi, ba ɗanɗano, ba a ga hannun kowa ba, domin marubucin bai taɓa zama a wurin ba, a fim ya gani. Alhali shi ɗin nan ya san yadda mai shayi ke ɗaga kofi sama yana sheƙa shayi, ya san ƙarar wuƙar mai balangu a kan katako, ya san yadda ake kallon tsokar ƙarshe a kwanon mutum biyar kowa yana jin nauyin ɗauka. In ma dole sai an kai su babban gidan, to labarin yana wajen yarinyar da ba ta san da wane hannu ake riƙe wuƙa ba, da saurayin da ke lissafi a zuci yana addu'ar kada ta ce a ƙaro lemo. Teburin cin abinci yana tona halin mutum da matsayinsa fiye da shafi uku na bayanin motarsa da agogonsa.

Su kansu baƙin sun koya mana wani abu. Mu muna ta ƙoƙarin fita kunya, muna ganin girmama baƙo shi ne a kai shi inda aka fi tsada, su kuwa abin da suke tambaya dabam ne. Wanda ya zo daga Legas ko Abuja ya gaji da sanyin na'ura da farin ƙyalle, yana da su a garinsa har sun fi namu. Abin da yake so shi ne gurasar da ya ji labari, wadda Larabawan da suka zauna a cikin birni suka bar mana, matan Jakara kuma suka riƙe sana'arta har yau. Yana son dambu, da ɗanwake, da fura da nono mai sanyi, da kilishin da zai ƙunsa ya kai wa iyalinsa. Wani baƙo daga Damagaram kuwa dariya ya yi mana da muka tambaye shi, ya ce duk abin da za mu ba shi akwai shi a gidan uwarsa, shi dai a kai shi inda zai ji Kanawa suna gardama.

Saura magana ɗaya da har yanzu ba ta mutu ba. Matanmu sun kawo shawarar a bar daren gaba ɗaya, a mai da abin cin rana, ranar Asabar bayan Azahar, kowa ya koma gida da haskensa. Hujjarsu ba ta da amsa: izni ya fi sauƙi, abin hawa ya fi samuwa, kuma akwai 'yan'uwa mata biyu da suka daina zuwa ko da taron wata-wata saboda yakan kai Magariba. Masu adawa kuma suna cewa Alhaji ba ya barin shago da rana, ɗan jaridarmu yana bakin aiki, ma'aikaciyar jinya takan yi kwana ta wuni tana barci, sa'an nan hirar rana ba ta kama ƙafar ta dare, don da rana kowa yana da inda zai je daga nan. Dattijonmu, wanda aka zaci zai goyi bayan dare saboda sabo, sai ya ce shi idonsa ya fara gajiya da fitilun motoci. An ƙirga hannu a zaman da ya wuce, bakwai da bakwai. Baƙonmu na gaba daga Sakkwato zai zo bayan Babbar Sallah, kuma an ɗora wa ma'aji ya nemo gidaje biyu, ɗaya mai tuƙa tuwo da rana, ɗaya mai tuƙawa da dare, kafin a sake zama.